Kafin Injin Yanka Ya Shigo Zaurukanmu

Duk wanda ya kwana biyu a unguwar nan ya san ƙarar. Da zarar an kawo wuta sai ka jiyo ta daga wani zaure ko bayan gida, tartsatsi na tashi, yaro ya take rodi da silifa yana yanka. Yaranmu sun ɗauka haka aka taso aka tarar. To ba haka ba ne, injin nan mai faifai baƙo ne, mu da muka haura hamsin mun ga zuwansa.

Ƙarfen dai tsohon ɗan gari ne a wannan yanki. A Taruga, kudu maso gabas da Abuja, wani Bature mai suna Bernard Fagg ya tono murahun narka tama a shekarun 1960, aka auna aka ce sun haura shekara 2,000. Can gida ma labarin Kano ya nuna maƙera ne, Abagayawa, suka zauna gindin Dala saboda tama. Mai narka tama ba ya samun sanda miƙaƙƙiya irin ta kasuwar Dei-Dei. Dunƙule yake cirowa daga murhu, cakuɗe da kashin maƙera, sai an fasa shi an yi ta bugu kafin ya zama abin da za a ƙera fartanya da shi.

Yaya suke yanka ƙarfe mai kauri babu inji? Da wuta. Yaro na kan zuga-zugi, ƙarfe na cikin gawayi har ya wuce ja ya koma ruwan lemo. Maigida ya ɗauko shi da awartaki ya ɗora kan uwar maƙera, ya kafa kurfi, wani ya sauke masaba. Ba a yankewa ta gefe guda, juyawa ake yi ana sara kewaye, idan ya rage ɗan siriri a tsakiya sai a karya. A kan tsoma kurfin a ruwa jifa-jifa don kada zafi ya kashe masa kaifi. Aikin mutum uku ne, shi ya sa ɗan maƙeri yake shekaru yana zuga kafin a miƙa masa masaba, kuma kafin nan idonsa ya iya karanta launin ƙarfe.

Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ƙarfen Turai ya biyo shi. Sannu a hankali aka daina wahalar haƙar tama, maƙera suka koma kan tsofaffin ƙarafa, musamman sifirin mota da ƙarfen ƙafar babbar mota. Nan sabuwar matsala ta fito. Sifirin ƙarfe ne da aka riga aka ba shi tauri, idan ka sa masa zarto haƙoran zarton ne za su zube. Dabarar dattawa ita ce a gasa shi ya yi ja, a binne cikin toka ya kwana yana hucewa a hankali. Da safe ya yi laushi, zarto da magagari su ci. Wanda ya tsoma shi a ruwa da zafinsa kuwa ya ƙara masa tauri ne, har ya iya tsagewa.

Zuba garin Koro ne, da Agora a kan sarauta, iyayenmu kuma hanya ce ta kawo su. Bayan Janar Murtala ya ayyana sabon babban birnin tarayya a 1976, sai aikin gini ya ɓarke, ya ƙara ƙarfi da gwamnati ta taso daga Legas a Disambar 1991. Gini kuwa rodi yake ci, mai 12, mai 16, har mai 25, ga ƙofofi da tagogi. An kafa masana'antun murza rodi a Katsina da Jos da Osogbo, an fara Ajaokuta a 1979 tare da 'yan Rasha, ita ce har yau muke jira. A wannan tsakanin ne walda ta shigo unguwa, ta zo da zarto, daga baya injin yanka da janareta. Tsohon ƙarfe ya zama kuɗi, tunda shi ake narkawa a yi sabon rodi. Mun ga inda abin ya kai mu a Janairun 2025, lokacin da hukumomin Abuja suka hana 'yan bola yawo a cikin birni suka kuma rufe kasuwannin panteka na mako biyu saboda satar murafun magudanar ruwa. Mai gaskiya da maras ita duk sun ji a jika.

Ba mu ce inji sharri ba ne, ai mu ma da shi aka yi mana ƙofar shago. Abin da ke damunmu shi ne an sayi injin ba a gaji haƙurin ba. Ƙaramin injin yana juyawa wajen sau 11,000 a minti guda, babban kuwa wajen 6,500. Sai yaro ya ga ƙarfen ya fi ƙarfin ƙaramin faifai, ya cire murfin kariya ya ɗaura babba, wanda ba a yi shi don wannan gudun ba. Ƙarfen ma ba a ɗaure yake ba, da ƙafa aka danne. Yana kusa da rabuwa sai ya matse faifan, faifai ya tarwatse. A bara haka ta faru da ɗan maƙwabcinmu, babu tabarau a fuskarsa, Allah Ya tsare idon, amma ɗinkin da ke kumatunsa yana nan.

Guntun ƙarfen da ya ji masa ciwo, kaurinsa ya kai damtsen yaro. Uban ya ɗauke shi ya kai wa wani dattijon maƙeri a Suleja. Dattijo ya jujjuya shi, ya ƙwanƙwasa ya saurari amonsa, ya ce a bar masa shi ya kwana a toka, a dawo bayan azahar.