Daga Pryor Zuwa Netflix: Yadda Awa Ɗaya Ta Barkwanci Ta Yi Araha

Sana'ar ba ta buƙatar kaya da yawa: mutum ɗaya, makirfo, sai 'yar kujerar da ake ɗora masa ruwan sha. Ya tsaya gaban jama'a awa guda yana ba su dariya, a ɗauka a kyamara, a sayar. Amurkawa ne suka mayar da wannan kasuwa. Yau ana fitar da irin waɗannan shirye-shirye fiye da kowane lokaci, amma kaɗan ne mutum zai gama ya ji yana son sake kallo.

Tashar HBO ce ta buɗe ƙofa a 1975 da Robert Klein. Kafin nan, abin da ɗan barkwanci ke samu a talabijin bai wuce 'yan mintoci a shirin hirar dare ba, kuma da takunkumi a bakinsa. HBO kuwa ta masu biyan kuɗin wata ce, babu talla, babu mai datse magana. George Carlin, wanda 'yan sanda suka taɓa kamawa a Milwaukee a 1972 saboda kalaman da ya furta a dandamali, a nan ya sami gida. Ya yi mata shiri 14 daga 1977 zuwa 2008, shekarar da ya rasu. In ka lissafa, tsakanin wani shiri da wani ana samun sama da shekara biyu.

Waɗannan shekaru biyun su ne sirrin. Ba a zaune ake gama rubuta barkwanci ba, a gaban mutane ake sassaƙa shi. Fim ɗin Comedian na 2002 ya nuna Jerry Seinfeld, bayan ya yi bankwana da tsofaffin maganganunsa a 1998, yana zagaya ƙananan gidajen barkwanci na New York yana gwada sababbi. Har akwai inda ya manta abin da zai faɗa, ya tsaya shiru, ga jama'a sun zuba masa ido. Attajiri ne a lokacin, amma ɗakin bai raga masa ba. Mu masu rubuta manhaja mun san wannan: abin da ba a gwada a hannun baƙo ba, bai gwadu ba.

Shi ya sa Live in Concert na Richard Pryor, wanda ya fito a sinima a 1979, har yau yake da nauyi. Ya ɗauki bugun zuciyar da ya same shi ya mayar da shi wasa, ya zama shi ne mara lafiyar, shi ne kuma zuciyar da ke yi masa tsawa, yana murƙususu a ƙasa. Babu daƙiƙa ɗaya da ta tafi a banza.

Sai Netflix ta shigo da buhun kuɗi. A 2016 jaridu suka ruwaito ta ba Chris Rock dala miliyan 40 don shiri biyu, Dave Chappelle kuma miliyan 60 don uku. A 2017 kusan kowane mako sai ta saki sabo. Ran 1 ga Janairun 2019 ta zubo 'yan barkwanci 47 a rana guda. Buƙatar kamfanin a fili take: kullum a ga sabon abu a shafin farko, kada mai biya ya gudu. Kwangila ce ke yanke ranar ɗauka, ko tuwo ya nuna ko bai nuna ba.

Masu kallon ma sun canja. Wanda ya yi suna a intanet, masoyansa ne ke cika masa zaure, kuma masoyi tun kafin a buɗe baki ya fara dariya. Sau da yawa ma tafi ake yi, ba dariya ba, domin an faɗi ra'ayin da ya yi musu daɗi. Ga kuma yayin tsokanar 'yan layin gaba, "me kake yi, wace ce wannan a gefenka", don a yanko minti ɗaya a sa a TikTok ba tare da an ƙona rubutaccen abu ba. A 2024 Netflix ta fitar wa Matt Rife shiri sukutum na wannan tsokana kawai.

Wani zai ce ai da ma akwai tarkace, mun dai manta da su ne. Gaskiya ne, kuma tarihin ya nuna inda tarkacen ya kai su. A shekarun 1980 gidajen barkwanci sun yi ta tsirowa a biranen Amurka, tashoshi suka cika dare da duk wanda ya iya riƙe makirfo a gaban bangon jan bulo. Mutane suka ƙoshi, suka daina sayen tikitin abin da suke gani a falonsu. Zuwa farkon shekarun 1990 gidaje da yawa sun rufe, kuma sai a 1996, da Chris Rock ya fito da Bring the Pain bayan ya daɗe yana yawon gwaji gari-gari, aka sake zama ana maganar shiri guda ɗaya wata da watanni.