Yadda baƙo zai kauce wa 'yan damfara a birnin Accra

Accra, babban birnin ƙasar Ghana, wanda fataken Hausa na da ke kira Ankara, na daga cikin biranen gaɓar tekun Afirka ta Yamma da suka fi karɓar baƙi.

Birnin ya zama hedkwatar mulki ne a 1877, lokacin da Turawan Ingila suka ɗauke ta daga Cape Coast. Ƙidayar jama'a ta 2021 ta nuna cewa Accra da kewayenta na da mutane fiye da miliyan 5.

Sunan birnin ya ƙara fitowa a fagen yawon buɗe ido a 2019, shekarar da gwamnatin Ghana ta gayyaci jikokin bayin da aka kwashe zuwa nahiyar Amurka da su zo su ga tushensu. A watan Disamba na kowace shekara otal-otal kan cika, farashin kusan komai kuma ya tashi.

Accra dai gari ne da aka sani da zaman lafiya da karrama baƙo. To sai dai kamar sauran manyan birane, akwai waɗanda suka mayar da rashin sanin baƙo hanyar cin abincinsu.

Akasarin damfarar da ake yi wa baƙi a birnin ba ta ƙarfi ba ce. Tana faruwa ne a inda ba a yanke farashi tun farko ba, ko a inda aka bar hanyar da hukuma ta amince da ita aka bi ta bayan fage saboda neman araha.

Daga filin jirgi da tashar mota

Wurin farko da baƙo ke haɗuwa da masu neman cin bulus shi ne inda ya sauka.

A harabar filin jirgin saman Accra akan sami mutanen da ke ɗaukar jakar matafiyi ba tare da ya nema ba, daga bisani su buƙaci lada mai tsoka. Ma'aikatan filin na ainihi suna rataye da katin shaida mai hoto.

Idan otal ko wani mai masauki ne ya turo direba, yana da kyau a karɓi sunansa da lambar motarsa tun kafin a taso. Ganin sunan mutum a rubuce a kan kwali bai isa shaida ba, domin ana iya kwafe shi daga hannun direban gaskiya.

Motocin tasi na Accra, waɗanda ake ganewa da launin ruwan ɗorawa a gefunansu na gaba da na baya, galibi ba su da mita. Saboda haka ana yin ciniki ne kafin a shiga, a kuma tabbatar ko shata aka ɗauka ko kuwa direban zai ɗebi wasu fasinjoji a hanya.

Kamfanoni irin su Uber, wanda ya fara aiki a Accra a 2016, da Bolt da Yango suna nuna kuɗin tafiya a waya tun kafin a tashi. Wani lokaci direba kan nemi fasinja ya soke tafiyar a waya su daidaita a tsakaninsu. Wanda ya yarda da haka ya rasa farashin da aka ƙayyade, ya kuma rasa duk wata shaida ta motar da ya shiga.

Ƙananan motocin safa da ake kira trotro su ne mafi araha, kuma kuɗinsu a yanke yake. Tambayar fasinjan da ke kusa ta wadatar wajen sanin abin da za a miƙa wa yaron mota.

Masu zuwa ta ƙasa daga Legas, ta Kwatano da Lome, suna shiga Ghana ne ta iyakar Aflao. A can akwai 'yan kamasho da ke karɓar fasfo da sunan za su gaggauta buga hatimi. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta bai wa 'yan ƙasashen ƙungiyar, ciki har da Najeriya, damar shiga ba tare da biza ba har tsawon kwana 90. Abin da ake buƙata shi ne takardar tafiya mai inganci da katin rigakafin cutar shawara, kuma matafiyi ya miƙa su ga jami'i da hannunsa.

Canjin kuɗi

A 2007 Ghana ta sauya takardun kuɗinta, ta cire sifili huɗu, inda tsohon sidi 10,000 ya koma sabon sidi 1.

Har yanzu wasu 'yan kasuwa na faɗin farashi da tsohon lissafi. Mai kaya na iya cewa miliyan ɗaya alhali sidi 100 yake nufi. Wannan ba zamba ba ce a karan kanta, amma marar gaskiya kan fake da ruɗanin. Mafita ita ce a nemi mai kaya ya rubuta adadin a takarda ko a fuskar waya.

Dokar musayar kuɗaɗen waje ta 2006 ta haramta yin canji ba tare da lasisin Babban Bankin Ghana ba. Shagunan canji masu lasisi suna kafa farashinsu a allo, su nemi shaidar mai canji, su kuma ba shi rasit.

Masu canjin bakin titi a wurare irin su Tudu kan yi tayin farashin da ya ɗara na shago. Haɗarin shi ne jabun takardu, da kuma dabarar ƙirga kuɗi a gaban mutum, a karɓe su da sunan sake dubawa, a mayar masa da su bayan an zare wasu daga tsakiya.

Wanda aka cuta ta wannan hanya yakan ji nauyin kai ƙara, tunda cinikin da ya shiga ma ya saɓa wa doka.

Wajen cirar kuɗi da kati, na'urorin da ke cikin harabar banki sun fi aminci. A kantuna da gidajen abinci kuwa, kada a bari a tafi da katin inda ido ba ya gani.

Kasuwa da wuraren tarihi

Kasuwar Makola da ke tsakiyar gari da kuma cibiyar sayar da kayan gargajiya ta Arts Centre, kusa da wurin tunawa da Kwame Nkrumah, su ne inda baƙi suka fi sayen tsaraba.

Ciniki al'ada ce a nan kamar a kowace kasuwar Afirka ta Yamma, kuma farashin farko da ake gaya wa baƙo yakan ninka na gaskiya. Zagaya rumfuna biyu ko uku kafin a taya yana nuna inda farashin ya tsaya.

Wanda ya tari baƙo a bakin ƙofa ya ce zai raka shi rumfar ɗan'uwansa, yawanci yana da la'ada a kan duk abin da aka saya, kuma daga aljihun mai saye take fitowa.

Haka kuma akwai bambanci tsakanin kente na saƙar hannu da atamfar da aka buga wa zanensa a masana'anta. Na ainihi ana saƙa shi ne ƙwarya-ƙwarya, sirara, sannan a ɗinke su wuri guda, don haka ana ganin layin ɗinkin, kuma yana da kauri da nauyi. Na bugawa shimfiɗa ɗaya ne, bai kamata a biya masa kuɗin na saƙa ba.

Wata dabara da ta yi suna ita ce ta tambayar suna. Saurayi zai gaisa da baƙo cikin fara'a, ya tambayi sunansa, bayan ɗan lokaci ya dawo da abin hannu ko ƙwanson teku da aka rubuta sunan a kai, ya ce kyauta ce. Da zarar an karɓa sai maganar kuɗi ta biyo baya.

An fi ganin wannan a bakin tsofaffin gidajen ajiye bayi na Cape Coast da Elmina, inda masu ziyarar Accra kan je su wuni, da kuma bakin teku na Labadi. A nan ne kuma ake yawo da takardun neman taimako da sunan ƙungiyar ƙwallo ko makaranta, ɗauke da jerin sunayen waɗanda wai sun bayar da maƙudan kuɗi.

A tsohuwar unguwar Jamestown, mai hasumiyar jagorar jiragen ruwa da gaɓar masunta, 'yan jagora da yawa 'yan unguwar ne da suka san tarihinta sosai. Matsala na tasowa ne idan an gama zagaye ba a yi maganar lada ba. A yanke kuɗin da tsawon lokacin tun farko, a kuma nemi izini kafin a ɗauki hoton mutane.

A kewayen shataletalen Kwame Nkrumah, inda babbar kasuwar wayoyin salula take, masu tallar hannu kan nuna waya mai kyau a farashi mai sauƙi, sannan su musanya ta da lalatacciya ko kwali marar komai a lokacin da ake ƙirga kuɗi. Ana kuma iya sayar wa mutum wayar sata. Sayen waya a shago mai rasit, tare da kunna ta a gaban mai shagon, ya fi kwanciyar hankali.

Zinariyar bogi

Damfarar da ta fi cin dukiya mai yawa ita ce ta zinariya.

Ghana, wadda Turawa suka kira Gaɓar Zinariya kafin ta sami 'yancin kai a 1957, na sahun gaba a nahiyar Afirka wajen haƙar wannan ma'adini, kuma da wannan suna ne 'yan damfara ke fakewa.

Yawanci sukan fara ne da labarin wani basarake ko wasu mahaƙa a ƙauye da ke neman mai saye cikin gaggawa, a farashin da ya gaza na kasuwar duniya nesa ba kusa ba.

Za a bai wa mai saye ɗan samfuri na zinariya ta gaskiya ya kai a gwada. Bayan ya gamsu sai a nuna masa sauran a akwati, wanda galibi tagulla ce ko wani ƙarfe da aka yi wa ruwan zinariya.

Daga nan sai biye-biye su fara: kuɗin haraji, da na inshora, da na takardar fitarwa, kowanne da takardunsa masu hatimin bogi. Akan haɗa da mutanen da ke fitowa a matsayin lauyoyi ko jami'an kwastan. Duk lokacin da aka biya ɗaya sai wani ya ɓullo, har mai saye ya gaji ko kuɗinsa su ƙare.

A 2025 Ghana ta kafa hukumar zinariya da ake kira GoldBod, wadda aka bai wa ikon saye da gwaji da fitar da zinariyar ƙananan mahaƙa, aka kuma hana baƙi shiga cinikinta a kasuwar cikin gida. Ke nan duk wanda ya yi wa baƙo tayin zinariya a ɗakin otal, ko dai jabu ce, ko kuma yana jan sa ne zuwa ga karya doka.

Farashin zinariya a bayyane yake a duniya kullum, kuma mai ita ya san shi. Hausawa dai na cewa banza ba ta kai zomo kasuwa.

Kuɗin waya da intanet

Aikawa da karɓar kuɗi ta wayar salula, wanda aka fi sani da MoMo, ya zama ruwan dare a Ghana tun bayan da kamfanin MTN ya ɓullo da shi a 2009. Baƙi da dama kan yi rajistar layi da fasfo domin su yi amfani da shi.

Dabarar da aka fi yi ita ce a turo saƙon bogi mai nuna cewa kuɗi sun shigo, sannan wani ya bugo waya cikin marairaicewa ya ce kuskure ya yi, a taimaka a mayar masa. Wasu kuma kan ce su ma'aikatan kamfanin waya ne, su nemi lambar sirri ko su sa mutum ya danna amincewa da cirar kuɗi.

Kamfanonin waya ba sa neman lambar sirrin kowa. Kafin a mayar da wasu kuɗi, a duba abin da ke cikin asusun tukuna.

Akwai kuma zambar intanet da a Ghana ake kira sakawa, kalmar da ake cewa daga Hausa aka aro ta. Ta haɗa da soyayyar ƙarya da alkawarin kasuwanci ko aikin yi. Wanda zai je Accra domin ganin wanda ya sani ta intanet kaɗai, ya kamata haɗuwar farko ta kasance a bainar jama'a, kuma kada ya tura kuɗi kafin ya isa.

Masauki ma na shiga wannan sahu. Akan tallata gidaje da hotunan da aka kwaso daga wani wuri, a karɓi kafin alƙalami, baƙo ya iso ya tarar babu gidan. Hukumar yawon buɗe ido ta Ghana ce ke bai wa otal-otal da gidajen baƙi lasisi, kuma mai neman ɗaki na da damar ya nemi ganinsa.

Jami'an bogi da 'yan'uwan bogi

A bakin teku da wuraren shaƙatawa na dare, kamar titin Oxford da ke unguwar Osu, wani kan yi wa baƙo tallar tabar wiwi, jim kaɗan sai abokin ƙullinsa ya bayyana a matsayin ɗan sanda yana neman a sasanta. Shan wiwi laifi ne a dokar Ghana, saboda haka nisantar ta shi ne kariya.

Duk wanda ya ce shi jami'i ne, a nemi katin shaidarsa cikin ladabi, a kuma ce a tafi ofishin 'yan sanda mafi kusa. Na bogi ba ya son jin wannan.

Ga baƙon da ya fito daga ƙasar Hausa, Accra na da wani sauƙi na musamman. A unguwannin Nima da Mamobi da Sabon Zango da Madina ana jin Hausa a masallaci da kasuwa, kuma akwai sarakunan zango da limamai da aka saba kai musu baƙo.

Amma jin harshen gida a bakin wanda ba a sani ba yakan sa mutum ya saki jiki fiye da kima, kuma 'yan damfara sun san haka. Wanda ya zo kasuwanci zai fi samun kariya idan ya bi tsohuwar al'adar fatake, wato ya sauka a hannun maigidan da jama'ar unguwa suka sani, wanda zai tsaya masa idan ciniki ya ɓaci.

Idan abin ya riga ya faru

Matakin farko shi ne a daina biyan ko sisi, ko da an yi alkawarin cewa biya na gaba ne zai dawo da na baya.

A adana rasit da saƙonni da lambobin waya da lambar mota, sannan a kai rahoto ofishin 'yan sanda a karɓi takardar shaida. Lambar neman agajin gaggawa a Ghana ita ce 112, yayin da hukumar tsaron intanet ke karɓar ƙorafi a kan 292.

Idan ta waya ko ta kati aka cire kuɗin, a sanar da kamfanin ko bankin nan take domin a rufe asusun. Wanda ya rasa fasfo kuma ya nufi ofishin jakadancin ƙasarsa da takardar 'yan sanda, kuma samun kwafin fasfon a ajiye a wani wuri dabam zai sauƙaƙa masa aikin.