Tankar Yaƙi a Tafin Hannu: Tarihin Ƙera Ƙananan Samfurorin Motocin Soja da Tara Su

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin wata al'ada da ta yi ƙarfi a ƙasashen Turai da Amurka da Japan, watau harhaɗa ƙananan samfurorin tankokin yaƙi da sauran motocin soja, da yi musu fenti da gyare-gyare, da kuma tara su. Abin da muke nufi da samfuri a nan shi ne ƙaramar siffar wani abu wadda aka rage girman kowane sashe nata bisa ma'auni guda. Idan aka ce ma'aunin samfuri 1:35 ne, to kowane inci ɗaya a jikinsa yana matsayin inci 35 a jikin motar gaske. Alal misali, tankar Amurka mai suna Sherman, wadda tsawonta ya kusa mita shida, ba za ta wuce santimita 17 ba a wannan ma'auni. Wannan kiyaye ma'auni shi ne ya bambanta samfuri da motar kara ko ta gwangwani da yara kan ƙera, domin yaro siffa kawai yake kwaikwayo, ba ruwansa da awo.

Za mu duba asalin al'adar, da yadda yaƙi ya raine ta, da yadda ta zama sana'a da fasaha. Sa'an nan za mu tsaya a kan tambayar da ta fi shafar manazarcin tarihi: wane irin hoton yaƙi ne waɗannan samfurori suke dasawa a zukatan masu tara su?

2.0 Asali

Sojan wasa ya girmi tankar yaƙi nesa ba kusa ba. A ƙarni na 19 birnin Nurambag na Jamus ya shahara wajen zuba ƙananan sojoji na kuza, a Landan kuwa kamfanin William Britain ya fito da dabarar zuba sojan dalma mai rami a ciki a 1893, abin da ya rage tsadarsa. Hafsoshin Furushiya ma tun 1824 suka karɓi wani wasan yaƙi da ake yi a kan taswira domin horar da kansu. A 1913 marubucin nan H. G. Wells ya wallafa littafinsa Little Wars, inda ya tsara wa manya ƙa'idojin wasa da sojan dalma.

Ita kuwa tanka, Ingilishi ne suka fara shigar da ita fagen fama ran 15 ga Satumba 1916, a yaƙin Somme a ƙasar Faransa. Sunan nata ma dabarar ɓad da sawu ce: an baza cewa tankunan ruwa ake ƙerawa don kada abokan gaba su farga. Saboda haka tankin ruwa da tankar yaƙi da Hausa ta aro, kalma guda ce tushensu. Bayan yaƙin, masu ƙera kayan wasa suka rungumi sabuwar motar. Cikin motoci shida na farko da kamfanin Meccano na Libaful ya fitar, waɗanda aka raɗa wa suna Dinky a 1934, akwai tanka guda. A Jamus kuwa kamfanonin Lineol da Hausser suna yin sojoji da garin katako da gam, da motocin soja na kwano, kuma kasuwarsu ta buɗe ƙwarai a zamanin mulkin Hitila.

3.0 Samfuri a matsayin kayan aikin soja

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya ɗaga samfuri daga kayan wasa zuwa kayan koyarwa. Matsalar da ta fuskanci kowace runduna ita ce yadda soja zai gane motar abokin gaba daga nesa cikin ƙiftawar ido, domin kuskure a nan yana nufin harbin ɗan'uwa ko sakaci da maƙiyi. Hoto gefe ɗaya kaɗai yake nunawa, amma samfuri ana iya juya shi ta ko'ina, a duba shi daga sama kamar yadda matuƙin jirgi zai gan shi. Gani, in ji Bahaushe, ya kori ji.

Bisa ga haka, a 1942 hukumar sojan ruwan Amurka ta nemi 'yan makaranta su sassaƙa samfurorin jiragen sama 500,000 a ma'aunin 1:72. Kamfanoni kuma suka zuba na tankoki da ƙarfe a ma'aunin 1:36 da 1:108. A Jamus kamfanin Wiking na Balin ya yi wa sojan ƙasar irin wannan aiki a ma'aunin 1:200. Abubuwa biyu suka biyo bayan wannan. Na farko, daidaiton siffa ya zama wajibi, tun da rai ya rataya a kansa. Na biyu, an sami dubban matasa da hannunsu ya saba da wannan aiki, waɗanda su ne suka zama masu saye bayan an ajiye makamai.

4.0 Zamanin roba

Abin da ya mai da al'adar ta kowa da kowa shi ne na'urar da ke narka roba ta tura ta cikin mazubin ƙarfe. Sassaƙa mazubin yana da tsada, amma da zarar an gama shi, ana iya fitar da dubban kofe a kan kuɗi kaɗan. Kamfanin Airfix, wanda wani ɗan ƙasar Hangare mai suna Nicholas Kove ya kafa a Landan a 1939, da matajin kai na roba ya yi suna. A 1949 ya yi samfurin taraktar Ferguson, daga baya kuma ya fitar da jirgin ruwan Golden Hind a gutsuttsure cikin leda, ana sayar da shi sule biyu, watau fataka. A 1961 ya fito da tankokinsa na farko, Sherman da Churchill da Panther, a ma'aunin 1:76. An zaɓi wannan ma'auni ne don ya dace da ƙananan jiragen ƙasa na wasa da Ingilishi suka riga suka saba da su.

Amma ma'aunin da ya mamaye duniya daga Japan ya fito. Kamfanin Tamiya ya fara ne a 1946 a garin Shizuoka a matsayin wurin yankan katako. Samfurinsa na farko na roba, jirgin yaƙin Yamato, bai yi kasuwa ba. A farkon shekarun 1960 sai Shunsaku Tamiya, ɗan mai kamfanin, ya gwada tankar Jamus mai suna Panther, wadda siffarta mai miƙaƙƙun layuka ta fi sauƙin sassaƙawa. An sa mata ɗan inji mai aiki da batir, aka yi girman cikinta daidai yadda zai ɗauki batir biyu. Da aka auna daga baya sai aka tarar ta zo daidai kashi ɗaya cikin 35 na tankar gaske. Watau ma'aunin da kamfanonin Italiya da Koriya da Sin da Rasha da Yukren suka bi daga baya, girman batir ne ya haife shi.

Shunsaku Tamiya, wanda ya rasu a 2025, ya kafa wata ɗabi'a da ta zama ƙa'ida: ya riƙa zuwa gidajen tarihi irin na Bovington a Ingila da na Aberdeen a Amurka, yana auna tankokin gaske da ɗaukar hotunansu. Daga 1968 kamfanin ya fara jerin ƙananan sojoji da motoci na ajiyewa, ba na tuƙawa ba.

5.0 Daga harhaɗawa zuwa fasaha

Abin da ke cikin kwali siffa ce ta gaba ɗaya, alhali tankokin gaske sun sha bamban da juna gwargwadon masana'antar da ta ƙera su, da watan da aka ƙera su, da rundunar da ta yi amfani da su. A nan ne gyare-gyare suka shigo. Bari mu ɗauki misali guda. Har zuwa farkon 1943 launin toka mai duhu ake shafa wa yawancin tankokin Jamus. Daga Fabrairu 1943 aka koma ruwan ɗorawa mai duhu, aka kuma raba wa sojoji kore da ja-ja su yi wa motocinsu dabbare-dabbare da kansu. Har ila yau, daga ƙarshen 1943 zuwa Satumba 1944 ana yaɓa wa tankokin wani kwaɓi mai suna Zimmerit, domin hana nakiya mai maganaɗisu mannewa. To, wanda ya ƙudura yin Panther ta yaƙin Nomandi a Yuni 1944, dole ya san duk wannan, ya yaɓa kwaɓin da hannunsa, ya zana masa layuka da bakin wuƙa. Idan ya sa shi a tankar da aka ƙera a 1945, masana za su gane kuskuren nan take.

A shekarun 1970 mutum biyu suka sauya yadda ake yi wa samfuri fenti. François Verlinden na Beljiyam ya yaɗa dabarar zuba tsinkakken fenti mai duhu ya kwanta a lunguna, sa'an nan a goga mai haske da busasshen buroshi a kan gefuna, don ƙaramin abu ya sami inuwa irin ta babba. Sheperd Paine na Shikago kuwa ya shahara da gina fage, inda ake ɗora mota da mutane da rusasshen gini a kan allo guda su ba da labari, littafinsa na 1980 a kan wannan fanni ya zama jagora. Daga baya masu fasaha na Sifen, musamman Mig Jiménez, suka zurfafa kwaikwayon tsatsa da ƙura da taɓo da ƙujewar fenti. Ƙananan masana'antu suka taso suna sayar da ƙarin sassa: siraran tagulla daga Cek da Folan, sarƙoƙin ƙafa na ƙarfe, bakunan igwa da aka gurza da na'ura. Daga shekarun 2010 na'urar da ke buga abu mai jiki daga kwamfuta ta ba mutum ɗaya damar yin sashen da babu shi a kasuwa.

Ƙungiyoyi ma sun taimaka: an kafa IPMS a Ingila a 1963, da MAFVA ta masu motocin sulke a 1965, mujallar Military Modelling kuma ta fara fita a 1971. Ba ƙaramin ilmi wannan buƙata ta haifar ba, domin tambayoyin masu samfuri game da launi da lamba da ranar ƙira sun sa an tono takardun masana'antu da hotunan da manyan masana tarihi ba su kula da su ba.

6.0 Abin da kanta ke ɓoyewa

Duk da wannan ƙwazo, daidaiton ƙusa da ƙusa bai hana hoton gaba ɗaya karkacewa ba. Tankar Tiger ta farko kimanin 1,350 kacal Jamus ta ƙera, alhali Amurka ta ƙera Sherman wajen 49,000, Tarayyar Sobiyet kuma ta ƙera T-34 fiye da 50,000 a lokacin yaƙin. Amma wanda ya shiga kantin samfurori zai tarar kusan kowane babban kamfani yana da Tiger, sau da yawa iri-iri, har ya zaci ita ce ta cika fagen fama. Sojan Jamus kuwa, har zuwa ƙarshen yaƙin, da dawaki yake jan yawancin kayansa.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. A 2008 masana tarihi biyu na Amurka, Ronald Smelser da Edward Davies, suka wallafa The Myth of the Eastern Front, inda suka nuna yadda littattafan hotuna da wasannin yaƙi suka taimaka wajen fito da sojan Hitila a matsayin gwani mai kyan kaki, aka kau da kai daga kisan gillar da ya yi a Gabashin Turai. Dokar Jamus ta hana nuna tambarin 'yan Nazi a kayan ciniki, don haka kamfanoni kan cire shi daga kwali ko su raba shi biyu a takardar tambura. Fagen da ake ginawa kuma galibi sojoji ne suna hutawa ko suna gyaran mota. Ba a cika ganin gawa ko ƙonannen ƙauye da mutanensa ba.

Motar da ta ɗauki nauyin yaƙin, watau lori, ba ta sami rabonta ba. Amurka ta aika wa Sobiyet loroci da jif kimanin 400,000. Direbobin da suka yi jigilar mai da harsashi a Faransa a 1944, a hanyar da aka kira Red Ball Express, kusan kashi uku cikin huɗu baƙaƙen fata ne. A nan ne labarin ya taɓo mu. A cikin loroci ne birged ta 23 ta sojan Nijeriya ta shiga Magadishu a ƙarshen Fabrairu 1941, kafin ƙarshen Maris kuma ta isa Harar a Habasha. A cikin loroci ne sojojin Cadi ƙarƙashin Leclerc suka ƙetare Sahara suka karɓi Kufra ran 1 ga Maris 1941. A Bama kuwa, runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ta ratsa kwarin Kaladan a 1944 da 'yan dako masu ɗaukar kaya a ka, ana jefo musu guzuri daga jirgin sama. Yaƙin da aka yi da ƙafa da gammo ba shi da motar da za a sa a kwali, saboda haka da wuya a gan shi a kan kanta. Ko a-kori-kurar Toyota da sojan Cadi suka karya tankokin Libiya da ita a Fada a Janairu 1987, sai a shekarun 2010 irinta ta yawaita a ma'aunin 1:35.

7.0 Kammalawa

Mun ga yadda wannan al'ada ta taso daga sojan dalma, ta yi wa rundunoni aiki a 1939 zuwa 1945, ta bunƙasa da zuwan roba, har ta zama fasaha mai ƙa'idojinta da masananta. Ga malamin tarihi, samfuri kayan aiki ne mai amfani, domin ɗalibin da ya riƙe shi a hannu zai fahimci dalilin karkata sulken T-34 da faɗin sarƙarta fiye da wanda ya karanta kawai. Sai dai ya wajaba a bi da shi kamar kowace shaida ta tarihi, a tambayi wanda ya zaɓi a ƙera wannan mota, da wanda ake so ya saya, da kuma waɗanda aka bari a waje. Wannan tambaya ta ƙarshe ta rataya a wuyan manazartanmu, domin hotunan sojojin Afirka ta Yamma da motocinsu suna nan a ɗakunan ajiya na Landan, kuma wanda zai gina fagen Harar ko na Kaladan sai ya sami wanda ya riga shi rubuta yadda suka kasance.