Yatsun Ruwa a Cikin Dutse: Tarihin Wata Tambaya

A ƙasar Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, ba abin mamaki ba ne a haƙa rijiya ta kawo ruwa, a matsa kaɗan a haƙa wata ta ci karo da dutse. Mu mutanen Tafoki mun taso muna jin ana cewa mahaƙin ya kuskure jijiyar ruwa. Sai da na yi karatun jami'a na fahimci cewa wannan kalma ta magabata ta dace da abin da masana suka shafe fiye da ƙarni guda suna bincike.

Tarihin ya faro ne a 1856, lokacin da injiniya Henry Darcy, wanda ya samar wa birnin Dijon na Faransa ruwan sha, ya auna yadda ruwa ke ratsa yashi. Ya nuna cewa gudunsa ya dogara ga ƙarfin da ke tura shi da kuma sauƙin kafofin da yake bi. Lissafinsa ya ba da matsakaicin gudu, amma bai bayyana dalilin da ruwa ke zaɓar wata hanya ya bar wata ba.

Masu haƙar mai ne suka ji wannan a jikinsu. A 1896 Herman Frasch ya yi rajistar dabarar zuba asid a rijiyar mai a Amurka, domin ya narkar da irin dutsen da ake yin siminti da shi, kamar na Kalambaina a Sakkwato. Daga baya aka lura asid ɗin ba ya cin dutse bai-ɗaya. 'Yan ramuka dogaye yake ɓulawa kamar na tana. Haka kuma idan aka tura ruwa don ya koro mai, sai ya keta ta tsakiya ya bar mai da yawa a baya. A 1958 Philip Saffman da Geoffrey Taylor na Jami'ar Kambirij suka bayyana dalili: idan abu mai tsinkewa ya tura mai kauri, gabansa yakan rabu zuwa yatsu.

Saura rawar da sinadarai ke takawa. A 1986 John Chadam da Peter Ortoleva da abokan aikinsu suka fitar da lissafinta. Inda ruwa ya ɗan fi cin dutse, kafa takan faɗaɗa. Faɗin ya jawo ƙarin ruwa, ƙarin ruwan ya ƙara ci, har wannan yatsa ya ƙwace rabon maƙwabtansa su tsaya. Akwai kuma wata hanyar, inda sinadarin ke sauya nauyin ruwan kansa. Tun 1996 ake dura iskar kabon dayoksaid ƙarƙashin teku a Sleipner na ƙasar Norway, inda a shekarun farko aka riƙa dura kimanin tan miliyan ɗaya a shekara. Idan iskar ta narke cikin ruwan gishiri sai ya ƙara nauyi, ya nutse yatsa-yatsa, ya tafi da ita ƙasa.

Ƙasarmu ta daɗe tana yin wannan gwaji. Tana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, dangin giranit, wanda ba ya riƙe ruwa sai inda ya tsage ko ya ruɓe. Ruwan sama yakan kwaso ɗan asid daga iska da ruɓaɓɓen ganye, ya bi tsaga, ya ci ma'adinin felsfa da ke cikin dutsen ya mayar da shi yumɓu. Yau da gobe ke sa allura ginin rijiya. Ta haka aka sami farar ƙasar Ƙanƙara, wadda masu bincike a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka daɗe suna nazari a kanta. Ta haka ne kuma ruɓewar dutse ta yi zurfi a nan, ta tsaya sama-sama a can. Galibi a ƙasan ruɓaɓɓen wuri da cikin tsagogi ruwa ke taruwa.

A ganina darussa biyu ne wannan tarihi ya bar mana. Na farko, al'ummar da ta haɗa kuɗin burtsatse da guminta kada ta yarda a kafa injin kafin a auna ƙasa, domin kuɗin awo bai kai asarar busasshen rami ba. Na biyu, jijiyar da ke kawo ruwa ita ce ke iya kawo ƙazanta daga masai ko takin zamani, kuma tana iya tafiya nesa fiye da yadda ido ke zato. Don haka tazarar da ke tsakanin masai da rijiya magana ce ta lafiyar yara, kuma ya kamata masu unguwanni su sa baki a kanta tun kafin a sari ƙasa.