Tiyatar Gocewar Abomasum a Shanun Madara: Nazari ta Fuskar Walwalar Dabba

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bitar hanyoyin tiyata da ake bi wajen mayar da abomasum, wato ɗaki na huɗu na cikin saniya, mazauninsa bayan ya goce. Ta nuna cewa dawowar madara kaɗai ba ta isa zama ma'aunin nasara ba. Dole a sa wahalar da saniya ta sha cikin lissafi.

Gabatarwa

An fara bayanin gocewar abomasum zuwa hagu a Birtaniya a shekarar 1950. Cutar ta fi kama shanu masu yawan madara irin su Holstein, galibi cikin watan farko bayan haihuwa. Idan motsin abomasum ya ragu, iska takan taru a cikinsa, sai ya bi ta ƙarƙashin tumbi ya haura tsakanin tumbin da haƙarƙarin hagu. Abubuwan da ke share wa cutar hanya sun haɗa da yawan hatsi da ƙarancin ciyawa a abinci, faɗuwar sinadarin kalsiyam a jini, da maƙalewar mabiyiya. Saniya takan daina cin hatsi, madara ta ragu. Likita na gane cutar idan ya ƙwanƙwasa haƙarƙari yana saurare ya ji amo mai kaifi. Gocewa zuwa dama ba ta kai ta hagu yawa ba, amma idan abomasum ya murɗe, jini ya daina isa gare shi, jinkirin sa'o'i kaɗan na iya kashe saniya.

Hanyoyin Tiyata

A hanyar Hanoba, wadda Dirksen ya yaɗa a Jamus, ana tsaga kwiɓin dama saniya na tsaye, a zuƙe iskar, a mayar da abomasum, a ɗinke tantanin kitsen da ke riƙe da shi a bangon ciki. Hanyar Utrecht kuwa ta kwiɓin hagu ake shiga. A 1982 Grymer da Sterner suka fito da hanya mai sauƙin kuɗi: a kayar da saniya rigingine, a soka allura ta fata a kafe abomasum ba tare da an buɗe ciki ba. Aibinta shi ne likita ba ya ganin abin da yake sokawa. A 1998 Janowitz ya shigo da na'urar leƙa ciki, wadda ta haɗa ƙaramin rauni da gani ido da ido.

Tattaunawa

Saniya dabba ce mai ɓoye ciwo, don haka shirunta ba shaidar sauƙi ba ne. Allurar kashe zafi a wurin yanka takan sake bayan 'yan sa'o'i, alhali raɗaɗin rauni na ɗaukar kwanaki. Ba da magani irin su meloxicam ko ketoprofen bayan aiki haƙƙin dabbar ne. Kayar da saniya rigingine ma yana danne huhunta, shi ya sa aikin tsaye ya fi dacewa da mai rauni ko mai matsalar numfashi.

Kammalawa

Hanyar da ta fi ita ce wadda ta dace da halin saniyar da ƙwarewar likita, aka kuma yi ta da wuri. Sai dai garken da ake yawan yi wa wannan tiyata yana da matsala a wurin ciyarwa. Gyaran abincin saniya a makonni uku kafin haihuwa da uku bayanta shi ne zai rage yawan shanun da za su kai ga wuƙar likita.