Ɗinkin Lifidi: Sana'ar Allura a Tarihin Yaƙin Ƙasar Hausa

Idan aka yi zancen kayan yaƙin dā, yawancin mutane kan fara tunawa da maƙeri, domin shi ke ƙera takobi da mashi da kan kibiya. Ba kasafai ake tunawa da maɗinki ba, alhali kuwa tsawon shekaru kusan ɗari biyar da allurarsa aka dogara wajen kare rayukan manyan barade da dawakinsu. Abin da yake ɗinkawa shi ne lifidi, wato rigar kariya mai kauri wadda ake yi da ƙyalle riɓi biyu, a cusa auduga a tsakani, sannan a bi ta da ɗinki layi-layi don kada audugar ta zame ta taru waje ɗaya. Mayaƙan da ke sa ta su ne 'yan lifida.

Littafin Tarihin Kano, wanda Baturen nan H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a shekarar 1908, ya nuna cewa Sarkin Kano Kanajeji ɗan Yaji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke, saboda asarar mayaƙa da ya yi a yaƙin Umbatu. Kalmar kanta bakin asalinta Larabci ne, daga kalmar da ke nufin shimfiɗa mai kauri ta ƙarƙashin sirdi, kuma Barebari ma suna da irinta. Wannan ya nuna mana hanyar da abin ya biyo. Sai dai a nawa ganin, dabarar ce kawai baƙuwa. Sulke dai daga nesa ake kawo shi, da tsada ƙwarai, amma lifidi ba ya buƙatar komai da babu shi a ƙasarmu: audugar gona, da audugar rimi, da farin saƙi, da zare, da basilla. Wannan ne ya sa ya zauna da gindinsa, daga Kano har Zazzau da Katsina da Gobir.

Aikin ba na gaggawa ba ne. Da farko sai a haɗa ƙwaryoyin saƙi su yi faɗin da ake so, a yanka riɓin ciki da na waje daidai da jikin mahayi ko na doki. Daga nan a tsince 'ya'yan rimi daga cikin audugarsa, a buge ta har ta tashi. An fi son audugar rimi domin ba ta da nauyi kamar ta gona, kuma ba ta saurin shan ruwa. Wurin da gwaninta take shi ne cusawa da ɗinkewa. In an cusa da sako-sako, kibiya za ta ratsa. In an danƙara fiye da ƙima, rigar ta sandare, mahayi ya kasa ɗaga hannu ya yi sara. Haka tazarar layukan ɗinki: in ta yi faɗi audugar ta gangara ƙasa, ƙirji ya zama ba kariya, in kuma ta matse ƙwarai ramukan allura su yi yawa, kaurin ya ragu. Saboda haka maɗinkin lifidi da tafin hannu yake awo, yana dannawa yana ji. Mahayi yana da na gangar jiki, da banten lifidi mai rufe ciki da cinyoyi. Doki kuwa ana rufe masa ƙirji da wuya da kuturi. A waje akan jera ƙyallaye masu launi, ja da fari da baƙi da ɗorawa, a yanka su kusurwa-kusurwa a haɗa, ta yadda za a hango mai shi tun daga nesa.

Amfaninsa na farko shi ne tare kibiya mai dafi. Maharban dā kan shafa dafin ƙwanƙwani a kan kibiya, wanda ko ƙwarzane ya yi ya isa ya kayar da doki. Kibiyar da ta maƙale cikin auduga kuwa ta tashi a banza. Don haka 'yan lifida ake sa wa a gaba su fasa sahun maharba, ko su kewaye sarki. Amma yana da nasa aibin. Ga zafi, ga nauyi, ga shi wuta na kama shi nan da nan, abin da ya sa abokan gaba kan harba kibiya mai wuta. Ɗan lifidan da ya faɗi daga doki da wuya ya tashi sai da taimakon zagi. A Tabkin Kwatto, cikin watan Yuni na 1804, Sarkin Gobir Yunfa ya zo da 'yan lifida, jama'ar Shehu Usmanu kuwa galibinsu 'yan ƙasa ne masu kwari da baka, amma su suka yi nasara. Duk da haka Daular Usmaniyya ba ta yar da shi ba. A 1826 Hugh Clapperton ya ga 'yan lifidan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a harin Konya, ya kuma rubuta irin wahalar da dawaki ke sha ƙarƙashin kayan.

Mu nan Gayam da sauran ƙasar Birnin Gwari, yanayin ƙasarmu bai dace da irin wannan hawa ba. Lifidi na filin fako ne, inda doki zai sami wurin sukuwa. Nan kuwa kurmi ne da duwatsu da rafuka, ga tsando mai sa wa dabbobi sammore. Kakanninmu sun fi sanin rundunar dawaki ta fuskar wanda ake kawo wa hari, musamman bayan Umaru Nagwamatse ya kafa Kwantagora a 1864, da zamanin ɗansa Ibrahim, lokacin da hare-haren kamun bayi suka addabi Gwarawa da Kamukawa har zuwa 1901 da Turawa suka ci Kwantagora. Mafakar talaka a wancan zamani ita ce kan dutse da cikin daji, inda mahayi mai nauyin kaya ba ya iya binsa.

Bindigar Turawa ce ta kashe lifidi a matsayin kayan yaƙi. Kano ta faɗi a watan Fabrairu na 1903, Sakkwato a watan Maris, kuma babu kaurin audugar da zai tare harsashi. Haka abin ya faru a Sudan a yaƙin Omdurman na 1898. Lifidin dokin da aka kwaso daga can yana ajiye a gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan. Abin da ya raya sana'ar bayan nan shi ne hawan Sallah da hawan daba, irin wanda aka yi wa Sarauniyar Ingila a Kaduna a 1956, da na bikin FESTAC a 1977, wanda na gani da idona ina ɗan makaranta. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye.

Sai dai lifidin hawa ado ne, ba a jarraba shi da kibiya, saboda haka ba abin da ke tilasta wa tela ya bi ƙa'idar dā. Na sha duba na hawan Sallah kusa da kusa na tarar da soso a ciki, da yadin kanti a waje, da ɗinkin keke. Ban ga laifin telan ba, domin mai saye sauƙi yake nema. A ƙauye dabarar ta daɗe tana ɓoye cikin akumarin jaki da katifar rimi da matashin kai, da shimfiɗar jariri da tsofaffin mata ke haɗawa da guntayen zannuwa. Babur ya kori jaki, katifar soso ta kori ta rimi, masu injin yankan katako kuma sun bi manyan rimayen. Shekarun 'yan bindiga da suka tashi ƙauyuka da dama a ƙasar nan sun watsa tsofaffin da ke riƙe da basilla zuwa garuruwan da ba mai neman aikinsu. Abin da nake roƙon hukuma shi ne ta nemo waɗanda suka rage, a ba su saƙi da audugar rimi su ɗinka cikakken lifidi ɗaya na mahayi da doki da hannu, a ɗauki aikin a faifan bidiyo daga yanka har ƙarewa, a rubuta sunan kowane sashe da awonsa daga bakinsu, kafin a kai shi gidan tarihi.