Tsoro ne ko lissafi? Tarihin guje-guje tsakanin manyan ƴan damben duniya



Akwai gardamar da ba ta ƙarewa a fadojinmu. Da an ɗora shayi, an buɗe waya ana kallon damben zamani na masu nauyi, sai ka ji wani ya ce, "Wallahi wane tsoro yake ji, shi ya sa ya ƙi shiga." Wani ya taso ya ce ƙarya ne, wancan ɗin ne ke gudu. Mun ga abokai sun yi kwana uku ba su gaisa ba a kan Anthony Joshua da Deontay Wilder, mutanen da ko sunan unguwarmu ba su sani ba. Shi ya sa yau muka ce bari mu koma baya mu duba tarihi, don wagga magana ta haura shekara 130 ana yin ta.

Abin da ke ɗaure mana kai a nan Nijar shi ne mun saba da kokowar takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975. Jihohi takwas, kowace ta kawo mutum goma, kuma wanda takobin ke hannunsa shi ma cikin sahu yake shiga. Duk wanda tsari ya haɗa shi da shi, sai ya kama. Ba shi da bakin cewa a bari sai baɗi. To damben zamani ba haka yake ba. Kowane dambe ciniki ne: sai an zauna an daidaita kan kuɗi, da gari, da rana, da gidan tele da zai nuna. In ba a daidaita ba, babu dambe. Daga nan duk rigimar ta samo asali.

Mu fara da John L. Sullivan na Amurka, zakaran da ya riƙe kambu har 1892. Shi bai ɓoye ba, ya faɗa a fili cewa ba ya dambe da baƙar fata. A zamaninsa akwai Peter Jackson, baƙin mutum mazaunin Ostareliya, wanda masana da yawa ke ganin zai iya kayar da shi. Har Sullivan ya sauka bai ba shi dama ba. Wariyar fata ce ko tsoro ne ya fake a bayanta, Allah masani, amma ƙofar da ya rufe ta daɗe a rufe.

Wanda ya ɓalle ta shi ne Jack Johnson. Zakara na lokacin, Tommy Burns ɗan Kanada, ya yi ta yawo ƙasa ƙasa, Johnson na biye da shi, daga Amurka zuwa Ingila, daga can har Ostareliya. Burns ya ce shi sai an ba shi dala dubu 30, kuɗin da ake ganin ba mai iya biya. Da aka samu mai biya, suka haɗu a Sidni ranar 26 ga Disamba 1908. Dukan da Burns ya sha sai da ƴan sanda suka tsayar da damben a turmi na 14. Johnson ya zama baƙin mutum na farko da ya riƙe kambun masu nauyi na duniya.

Ga abin mamakin nan. Da kambu ya zo hannun Johnson, shi ma ya ƙi ba Sam Langford dama, alhali baƙar fata ne ɗan uwansa, kuma kowa ya san haɗarinsa. Sun taɓa haɗuwa a 1906 Johnson ya ci, amma bayan ya zama zakara bai sake yarda ba. Dalilinsa a fili yake: dambe da farar fata ya fi kawo kuɗi, Langford kuwa wuya ce mai yawa da riba kaɗan. Wanda aka guje wa jiya, shi ne ke gudu yau.

Sai Jack Dempsey, zakara daga 1919 zuwa 1926. Shekara da shekaru Harry Wills ne na ɗaya a sahun masu jiran kambu, shi ma baƙar fata. Babban mai shirya dambe na lokacin, Tex Rickard, shi ne ya haɗa damben Johnson da Jim Jeffries a 1910, kuma bayan Johnson ya ci aka yi tarzoma a garuruwan Amurka, mutane suka mutu. Rickard bai so ya sake haɗa irin wannan ba. Wills ya jira har ƙarfinsa ya tafi. Dempsey kuwa daga Satumba 1923 zuwa Satumba 1926 bai kare kambunsa ko sau guda ba, shekara uku cur yana wasan fim yana cin daɗi. Ranar da ya dawo, Gene Tunney ya ƙwace kambun. Jiki magayi.

Labarin da ya fi taɓa zuciya shi ne na Floyd Patterson. Mai gidansa, Cus D'Amato, ya yi iya yinsa ya hana shi haɗuwa da Sonny Liston, yana cewa Liston na da alaƙa da ƴan daba. Akwai gaskiya a maganar, amma kowa ya san akwai wani dalili: hannun Liston. Surutu ya yi yawa, Patterson ya ji ana ce masa matsoraci, ya ƙi bin shawarar mai gidansa ya karɓi damben. Ranar 25 ga Satumba 1962 a Shikago, Liston ya gama da shi cikin minti biyu da daƙiƙa shida. Suka sake a 1963, aka kuma kayar da shi a turmin farko. To a nan wa ke da gaskiya? D'Amato ya ga abin da zai faru, ya so ya kare yaronsa da abincinsa. Patterson ya rasa kambu, amma ba wanda ya sake iya ce masa mai gudu.

Kada a ce duk zakarun haka suke. Joe Louis ya riƙe kambu daga 1937 zuwa 1949, ya kare shi sau 25. Muhammad Ali ya kara da Joe Frazier sau uku, ya kara da Ken Norton sau uku, alhali Norton ya karya masa muƙamuƙi a karon farko. A ranar 30 ga Oktoba 1974 a Kinshasa ya shiga da George Foreman, wanda ya tumurmushe Frazier da Norton kowanne a turmi na biyu, har masoyan Ali na jin tsoron kada a illata shi. Ali ya kayar da shi a turmi na 8. Dattawanmu da suka saurari labarin a rediyo har yau suna ba da shi. Amma mu lura, ko a can sai da aka ajiye wa kowannensu dala miliyan 5 kafin a yi damben.

Bayan wannan zamani sai kambuna suka yi yawa. WBA ta ɗauki wannan suna a 1962, WBC ta zo a 1963, IBF a 1983, WBO a 1988. Ƙungiya huɗu, kowace da kambunta, da jerin sunayenta, da wanda take tilasta wa zakaranta ya kara da shi, kuma kowace na cin kasonta a duk damben kambu. Ka ga an samu sarki huɗu a gari guda, kowa na iya cewa shi ne zakaran duniya ba tare da ya taɓa sauran ukun ba.

Abin da ya faru a 1992 ya isa misali. Lennox Lewis ya kayar da Razor Ruddock a Landan a watan Oktoba, Riddick Bowe ya ci Evander Holyfield a Nuwamba ya haɗa kambuna uku. Yarjejeniyar ita ce waɗanda suka ci su haɗu. Da ma Lewis ya taɓa cin Bowe a wasan ƙarshe na Olamfik a Seul a 1988. Aka zauna kan rabon kuɗi, aka kasa daidaitawa. A watan Disamba Bowe ya tara ƴan jarida a Landan, ya ɗauki kambun WBC ya jefa cikin kwandon shara. Har suka yi ritaya ba su haɗu ba. Bowe gwani ne na gaske, ya kara da Holyfield sau uku ya ci biyu, amma in aka ambaci sunansa yau, kwandon sharar nan mutane ke fara tunawa.

Lewis ɗin nan ya sake gamuwa da irin haka a 1996. Shi ne ya kamata ya kara da Mike Tyson, sai aka biya shi dala miliyan 4 don ya matsa gefe Tyson ya kara da Bruce Seldon. Daga baya Tyson ya saki kambun WBC ɗin. Sai ranar 8 ga Yuni 2002 suka haɗu a Memfis, Tyson na da shekara 35, Lewis 36. Lewis ya kayar da shi a turmi na 8. Har gobe masoyan Tyson na cewa ai ba Tyson na asali aka doka ba, kuma ba mai iya ƙaryata su, don an yi damben ne bayan lokacinsa ya wuce.

Akwai kuma jinkirin da ba mai zarginsa. Vitali da Wladimir Klitschko na Yukren, wa da ƙane, sun riƙe kambuna shekaru da dama, amma sun yi wa mahaifiyarsu alkawari ba za su taɓa dukan juna ba, kuma suka cika. Wannan ko a fadarmu ba wanda ya ce tsoro ne.

Yanzu mu zo ga namu na zamani. A 2018 Joshua na riƙe da kambu uku, Wilder na da guda, kuma ba wanda aka taɓa ci a cikinsu. Ɓangaren Wilder suka ce sun ajiye wa Joshua dala miliyan 50. Ɓangaren Joshua suka ce a zo Ingila, ga dala miliyan 15 ga Wilder. Wannan na tare da wani gidan tele, wancan na tare da wani, masu gidansu ba sa ga maciji da juna. Kowa na ganin in aka ƙara jira kuɗin za su ƙaru. Hausawa sun ce a bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Ranar 1 ga Yuni 2019 a birnin New York, Andy Ruiz, wanda aka kawo a madadin wani, ya kayar da Joshua a turmi na 7. A Fabrairu 2020 Tyson Fury ya ƙwace kambun Wilder, shi ma a turmi na 7.

Joshua ya karɓo kambunansa daga Ruiz, aka koma maganar shi da Fury. A 2021 har an faɗi rana, 14 ga Agusta a Saudiyya. Sai mai sasanci a Amurka ya yanke cewa bisa tsohuwar yarjejeniya dole Fury ya kara da Wilder karo na uku. Magana ta watse. A 25 ga Satumba na shekarar Oleksandr Usyk ɗan Yukren ya zo Landan ya kwashe kambunan Joshua duka uku. Damben nan na 2021, da kambu huɗu a tsakiya, ya tafi ke nan.

Fury da Usyk ma sai da aka sha jira. A farkon 2023 Usyk ya yarda ya karɓi kashi 30 cikin ɗari Fury ya ɗauki 70, duk da haka ciniki ya lalace. Fury ya tafi ya kara da Francis Ngannou ɗan Kamaru, wanda bai taɓa damben ƙwararru ba, a Riyad ranar 28 ga Oktoba 2023. Ngannou ya kai shi ƙasa a turmi na 3, da ƙyar Fury ya sha da maki. Aka sa Fabrairu 2024, Fury ya tsage a gira wajen atisaye, aka ɗage. Sai 18 ga Mayu 2024 aka yi, Usyk ya ci da maki, ya zama na farko da ya haɗa dukan kambunan masu nauyi tun bayan Lewis a 1999. Mi ya sa aka yi a ƙarshe? Saudiyya ce ta zuba kuɗin da suka ishi kowa. Kuma ko wata biyu ba a yi ba Usyk ya saki kambun IBF, don ba zai iya biyan bukatar ƙungiyar ba ga kuma karo na biyu da Fury na jiransa.

To mi muka gani cikin wanga tarihi? Gudu akwai shi, ba za mu musa ba. Amma mu dai muna ganin kalmar matsoraci ta yi nauyi ga mutumin da sana'arsa ita ce tsayawa gaban ƙato mai kilo ɗari da wani abu. Wilder ya shiga da Fury sau uku. Joshua ya shiga da Wladimir Klitschko, ya faɗi ya tashi ya ci, ya kuma shiga da Usyk sau biyu. Abin da ke tsayar da manyan dambe shi ne lissafi: wa zai ɗauki kaso babba, wane gidan tele, wane gari, kuma in yaron ya faɗi mutum nawa ne tukunyarsu za ta sauka. Da can launin fata ne ya rufe ƙofa, yanzu kuɗi ne da yawan sarakai.

Sai dai lissafin kan ci mai shi. Dempsey ya jira, Tunney ya ɗauka. Joshua da Wilder sun jira, Ruiz da Fury suka ɗauka. Ali kuwa an ci shi sau biyar, Patterson ya faɗi gaban Liston sau biyu, amma ba a tuna su da gudu.

Yanzu magana ta dawo gare ku. A ganinku, tsakanin Bowe da ya jefar da kambu da Patterson da ya shiga ya sha duka, wa ya yi daidai? Kuma da za a ɗauki tsarin kokowarmu a kai wa masu damben duniya, mutum nawa cikin zakarun yau za su yarda su shiga sahu? Ku faɗa mana a ƙasa, amma don Allah ban da zagi.